Yadda Manyan Kantuna Ke Samo Sabuwar Na'urar Gem Su Sayar, da Yadda Za Ka Samu Taka Kafin 'Yan Bumburutu Su Wawashe

Ranar 16 ga Satumba, 2020, kamfanin Sony ya sanar da kuɗin na'urar gem ɗinsa PlayStation 5 (PS5): dala 499.99 mai cin faifai, dala 399.99 wadda ba ta da wurin faifai. Ya ce washegari kantuna za su fara karɓar oda. Kantunan ba su jira washegarin ba. A daren nan Walmart, babban kantin Amurka, ya buɗe shafinsa, sauran suka rufa masa baya, kafin gari ya waye kaya sun ƙare ƙarƙaf. Waɗanda suka kwanta da niyyar yin sammako suka tashi suka tarar wayam. Sai da Sony ya fito ya ba mutane haƙuri bayan 'yan kwanaki.

Daga nan aka shiga wahalar da ta ɗauki fiye da shekara biyu. Sai a Janairun 2023 shugaban sashen PlayStation na lokacin, Jim Ryan, ya ce yanzu kam mai nema zai samu cikin sauƙi. A tsakanin nan mutane da yawa sun biya ninkin kuɗin na'urar a hannun 'yan kayi-nayi, wasu kuma sun same ta a kan farashinta na gaskiya. Bambancin ba sa'a ba ce kawai. Waɗannan na biyun sun fahimci yadda kayan ke tafiya daga masana'anta zuwa kan kanta.

Wannan jagorar ta ɗalibin da ke Ingila ce, da ɗan'uwan da ke Amurka wanda 'yan gida suka ishe shi da saƙo, da mai gidan gem a Kano ko Maraɗi da yake son ya riga maƙwabcinsa kafa sabuwar na'ura.

Mataki na farko: ka san wanda ke riƙe da ludayin rabo

Ɗan kasuwar Kantin Kwari idan ya ga atamfa na tafiya, sai ya ƙara oda, iya kuɗinsa iya shagalinsa. Sabuwar na'urar gem ba haka take ba. Walmart yana da rassa fiye da 4,000 a Amurka, amma ba shi ne ke cewa ga adadin da yake so a ba shi ba. Kamfanin da ya ƙera na'urar, Sony ko Microsoft ko Nintendo, shi ke yanka wa kowace ƙasa kasonta, sannan a cikin ƙasar ya yanka wa kowane kanti nasa. Yana duba yawan cinikin da kantin ya yi masa a baya, da yawan rassansa, da irin tallan da ya yi alkawarin yi. Shi ma kantin sai ya sake raba nasa kashi-kashi: wani na masu oda tun kafin fitowa, wani na shafin intanet, wani na rassa.

Saboda haka idan yaron kanti ya ce maka bai san ranar da kaya za su zo ba, galibi gaskiya ya faɗa. Manajan reshen ma wani lokaci sai motar kaya ta kusa yake ganin adadin a kwamfutarsa. Kada ka ɓata ranarka kana yi masa magiya.

Su kansu na'urorin yawanci a Sin ake harhaɗa su. Nintendo ya mayar da wani ɓangare na aikinsa Biyetnam da Kambodiya. Daga can a loda su a kwantena, jirgin ruwa ya yi makonni kafin ya isa tashar Los Angeles ko wata tasha a Turai, a kai babban sito na kantin, daga nan manyan motoci su rarraba wa rassa. Idan abu ya yi tsamari akan ɗauko wasu ta jirgin sama, duk da tsadarsa. A 2021 matsala biyu suka haɗu: ƙarancin ƙananan kayan lantarkin da ake kira cif, waɗanda har masu ƙera motoci ke rububinsu, da cunkoson jiragen ruwa a tashoshin Kalifoniya. Shi ya sa kaya suka riƙa zuwa tsilli-tsilli.

Mataki na biyu: ka gane inda ribar kanti take

A nan ne mutane suka fi shan mamaki. Ita na'urar kanta kusan ba ta da riba. A shari'ar da aka yi tsakanin kamfanin wasanni Epic da kamfanin Apple a 2021, wata babbar jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu cewa kamfanin bai taɓa cin riba a kan sayar da na'urar Xbox ba. A 2022 shugaban Xbox na lokacin, Phil Spencer, ya ce suna yin ciko na dala 100 zuwa 200 a kan kowace ɗaya. Sony ma sai a watan Agustan 2021 ya ce PS5 mai faifai ta daina jawo masa asara. Kamfanonin suna fanshewa ne daga baya, ta hanyar kason da suke cira a kan kowane wasa da aka saya da kuɗin rajistar wata-wata.

To idan mai abin ma haka yake, me kake zaton ya rage wa kanti? Ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kanti yana son na'urar ne don ta jawo ka ciki. Kuɗinsa yana kan hannun buga wasa na biyu da za ka ƙara, da faifan wasa, da abin sa wa a kunne, da ƙarin garantin da za a lallaɓe ka ka saya a bakin kanta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Idan ka riƙe wannan, sauran halayen kantuna ba za su ɗaure maka kai ba. Lokacin ƙarancin PS5, kantin gem na GameStop ya fi sayar da ita a haɗe da wasanni da ƙarin hannu da katin kuɗi, ba a raba maka, ko ka ɗauka gaba ɗaya ko ka bari. Cushe ke nan. Walmart ya riƙa buɗe ƙofa da farko ga masu rajistar Walmart+, wadda a lokacin take dala 98 a shekara. Kantin lantarki na Best Buy ya taɓa keɓe wasu kayan ga masu rajistar Totaltech, ita kuma a lokacin dala 199.99. Biyan kuɗin rajistar bai ba ka na'ura ba, damar shiga layi kawai ya ba ka.

Ra'ayina a kan cushe: kada ka ƙi shi da ka. Ɗauki biro ka lissafa kuɗin kowane abu da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa jimillar daidai take da farashin kowannensu, ba a ƙara ko sisi ba, kuma irin wannan haɗin ya fi daɗewa a shafi saboda 'yan bumburutu ba sa son sa, yana cinye musu riba. Idan dama za ka sayi hannu na biyu, wanda mai gidan gem dole ne ya saya, to haɗin ya zame maka hanya mafi sauƙi. Idan kuwa an cusa maka wasanni uku da ba za ka taɓa bugawa ba, ka haƙura.

Mataki na uku: shiri, tun kafin a sa rana

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar kamfani ya nuna sabuwar na'ura, ko da bai faɗi farashi ba, ka fara waɗannan.

Buɗe asusu a kantuna uku ko huɗu, ba ɗaya ba. A Amurka, Walmart da Target da Best Buy da GameStop da Amazon. A Ingila, Argos da Currys da Smyths Toys da Very da Amazon. Ka shigar da adireshi da katin banki tun yanzu, ka sayi wani ƙaramin abu da asusun don ka tabbatar katin yana wucewa. Ranar oda, daƙiƙar da za ka ɓata wajen rubuta lambar kati ita ce za ta raba ka da kayan. Ka sauke manhajar kowane kanti a wayarka, domin sau da yawa shafin kwamfuta yakan cushe manhajar waya tana aiki.

Adireshin da ke jikin katin ya dace da wanda ka rubuta a asusun. Kantuna suna da manhajar da ke tace oda, kuma abubuwan da take zargi sanannu ne: katin wata ƙasa, adireshin kamfanin tura kaya waje, oda biyu zuwa gida ɗaya, sabon asusu da aka buɗe jiya. Tana iya karɓar odarka yanzu, bayan awa biyu ka ga saƙon an soke. Wanda ke zaune a gida Najeriya ko Nijar, gara ya tura wa ɗan'uwansa kuɗin, shi ya saya da katinsa da adireshinsa.

Sannan kada ka manta da kantin kamfanin kansa. Sony yana da PlayStation Direct, Nintendo yana da nasa kantin na intanet, Microsoft ma yana sayarwa kai tsaye. Su ne suka fi fifita tsofaffin abokan hulɗa. Da na'urarsa Switch 2 za ta fito, Nintendo a Amurka ya ce zai fara gayyatar waɗanda suka yi aƙalla wata 12 suna biyan Nintendo Switch Online kuma suka buga wasa na aƙalla awa 50 kafin 2 ga Afrilu, 2025. Wanda ya ji labari ranar ya riga ya makara. Don haka tsohon asusunka dukiya ne, kada ka yar da shi.

Abu na ƙarshe a shiri shi ne kuɗi. Farashin da kake gani a Amurka ba a sa haraji a ciki ba, sai a wajen biya ake ɗorawa, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Jihohi irin su Oregon da Delaware ba sa karɓar wannan harajin. A Ingila kuwa abin da aka rubuta shi za ka biya, harajin kashi 20 yana ciki. Wasu kantunan suna cire kuɗin nan take, wasu suna riƙe shi na 'yan kwanaki su saki, sai ranar turo kaya su cira da gaske. Wannan na biyun ya kayar da mutane da yawa: mutum ya ga kuɗi sun dawo ya kashe, ranar da kanti ya zo cira ya tarar babu, oda ta mutu. Ka bar kuɗin a asusun har kwali ya shigo hannunka.

Mataki na huɗu: ranar oda

Odar kafin fitowa kamar kafin alƙalami ce: ka kama kaya tun ba su iso ba. Kantuna suna da salo huɗu na karɓarta, kuma kowanne da yadda ake tunkararsa.

Akwai rige-rige, wanda ya fara dannawa ya samu. Wannan shi ne mafi muni, domin kana takara ne da manhajojin da 'yan bumburutu ke haya, waɗanda ke cika fom su biya cikin ƙiftawar ido. A nan ka shiga asusunka minti goma kafin lokaci, waya a hannu ɗaya, kwamfuta a gabanka. Sa kaya a kwando ba saye ba ne, sai ka ga lambar oda. Idan shafi ya ce sun ƙare, kada ka tashi. Kantuna irin su Walmart sun saba sakin kaya kashi-kashi, bayan kowane 'yan mintoci, kuma odar da katinta ya ƙi wucewa tana dawowa kasuwa. Ka ba shi rabin awa zuwa awa ɗaya.

Akwai layin intanet, inda za a ajiye ka a wani shafi ana nuna maka saura minti kaza. PlayStation Direct ya yi amfani da wannan sosai. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kada ka sabunta shafin, kada ka rufe shi, in ba haka ba kana iya komawa ƙarshen layi.

Akwai gayyata. Ka rubuta sunanka, ka tafi harkarka, ranar da rabonka ya zo a turo maka saƙon imel mai wa'adi. Amazon ya koma wannan salon a 2022 don PS5. Abin da ke kashe mutane a nan shi ne saƙon ya faɗa akwatin tarkace ba su gani ba har wa'adin ya wuce. Ka riƙa leƙawa kullum, kuma ka duba adireshin da saƙon ya fito, domin 'yan damfara suna kwaikwayon irinsa.

Sai ƙuri'a, wadda ita ce al'adar Japan. Manyan kantunan lantarki irin su Yodobashi Camera da Bic Camera sun fi son ta, kuma suna da dalili. A Janairun 2021 wani reshen Yodobashi da ke Akihabara a Tokyo ya gwada sayar da PS5 ga waɗanda suka zo da ƙafarsu, turmutsutsun da aka yi sai da aka kira 'yan sanda aka fasa cinikin. Da Switch 2 ta zo, shugaban Nintendo Shuntaro Furukawa ya ce mutum kusan miliyan 2.2 ne suka shiga ƙuri'ar farko ta kantin kamfanin a Japan kaɗai. Currys ma a Ingila ya taɓa raba PS5 ta hanyar ƙuri'a. A wannan salon sauri ba ya amfani, yawan wuraren da ka sa suna ne ke amfani.

Ka lura da agogo. Kantunan Amurka galibi da lokacin gabashin ƙasar suke sanarwa. Sha biyun dare a New York ƙarfe biyar na asuba ne a Kano da Yamai daga Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe shida a sauran watanni. Ranar ma tana iya gocewa. An shirya fara odar Switch 2 a Amurka ranar 9 ga Afrilu, 2025, sai sabon harajin shigo da kaya na gwamnatin Trump ya sa Nintendo ya ɗage zuwa 24 ga wata. Kuma darasin Walmart na 2020 yana nan: daga lokacin da aka faɗi farashi, ka zauna cikin shiri.

Mataki na biyar: zuwa da kai

Kayan sukan isa reshe kwanaki kafin ranar fitowa, a kulle su a ɗakin ajiya. Akwai yarjejeniya mai tsauri a kan ranar, kantin da ya karya ta yana iya rasa kasonsa na gaba, kuma na'urar karɓar kuɗi ma ba za ta yarda ta karanta lambar kayan ba sai ranar ta yi. Don haka sanayya ba ta aiki a nan. Kwalayen da kake gani jere a kan kanta yawanci fanko ne, na ado.

Ranar fitowar PS5 a Amurka, 12 ga Nuwamba, 2020, ba a sayar a cikin kantuna ba saboda korona, komai ta intanet aka yi. Amma da Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yuni, 2025, tsohuwar al'ada ta dawo: Best Buy ya buɗe rassa da tsakar dare, mutane suka yi layi. Nintendo ya tara kaya sosai kafin ranar, har ya sayar da fiye da miliyan 3.5 a kwana huɗu, kuma da yawa daga waɗanda oda ta kuɓuce musu a intanet sun samu a layin.

In za ka bi layi, ka kira reshen kwana ɗaya kafin ranar ka tambayi abu biyu: za su sayar wa wanda bai yi oda ba? Kuma ƙarfe nawa za su raba tikiti? Yawanci ma'aikaci yakan fito kafin a buɗe ya ƙirga mutane ya ba su takarda daidai adadin kayan da ke ciki. Idan takarda ta ƙare kafin ta zo kanka, kama hanyar wani reshe nan take. Reshen bayan gari ya fi na tsakiyar birni sauƙi, kuma kantunan da ba a san su da gem ba, irin su Costco ko kantin kayan wasan yara, mutane sukan manta da su. Mutum ɗaya na'ura ɗaya ake ba shi, ka tafi da katin shaida.

Idan ta wuce ka

Ba a gama ba. Bayan makon farko kaya suna ci gaba da zuwa, kuma kowane kanti yana da ɗabi'arsa: wani da sassafe yake saki, wani sai tsakiyar mako, wani yana tara kaya don ranar rangwamen Black Friday a ƙarshen Nuwamba. Akwai shafuka da asusun sada zumunta da aikinsu kawai sanar da dawowar kaya. Ka bi biyu ko uku ka kunna ƙararrawarsu. Ka kuma gwada zaɓin saye a intanet a karɓa a reshe, domin yana nuna kayan da ke kusa da kai waɗanda ba sa fitowa a babban shafi.

A nan ne kuma tarko yake. Amazon da Walmart ba kantuna ba ne kawai, kasuwanni ne da wasu 'yan tireda ke baje kolinsu a ciki. Kana iya ganin na'urar a shafin Walmart da farashi ninki biyu, ka ɗauka kantin ne ya ƙara kuɗi, alhali wani ne can daban. Kafin ka biya, duba layin da ke cewa wane ne mai sayarwa kuma wane ne mai turowa. In ba sunan kantin ba ne, ka san da ɗan bumburutu kake ciniki. A kasuwar intanet ta eBay har hoton PS5 aka riƙa sayarwa a 2020, an rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe cewa hoto ne, masu gaggawa ba su karanta ba.

Mataki na shida: karɓar kaya

A Nuwamban 2020 wasu masu oda a Ingila sun buɗe kwalin Amazon suka tarar da abincin kyanwa ko kayan girki a madadin PS5, an musanya a hanya. Shi ya sa in akwai zaɓi, karɓa a reshe ya fi a ajiye maka a bakin ƙofa. Idan dole sai an kawo gida, ka ɗauki bidiyo tun daga lokacin da ka ɗaga kwalin har ka buɗe, ba yankewa.

Duba kwalin a gaban mai ba ka. A daren fitowar Switch 2, wani reshen GameStop a Staten Island da ke New York ya maƙala rasit a jikin kwalaye da abin maƙala takarda, ƙarfen ya huda ya taɓa gilashin na'urorin, domin gilashin yana dab da murfi. Kantin ya canja musu, amma wanda ya riga ya sa tasa a jaka ya hau jirgi fa?

Lambar da ke jikin na'urar ta dace da ta jikin kwali, kuma ka adana rasit, domin kantuna da yawa suna ɗaukar lambar a lokacin biya, da ita za su karɓi kayan in ka mayar. Wa'adin mayarwa gajere ne, galibi tsakanin kwana 15 zuwa 30. Wannan ya kawo mu ga shawarar da na fi nanata wa masu aike: a kunna na'urar a can kafin a turo ta. Mutanenmu suna son kaya sabo dal a leda, na sani. Amma garantin shekara ɗayan nan a yankin da aka saya yake aiki. Na'urar da ta zo Kano da matsala daga masana'anta, sai dai a kai wa masu gyara a Farm Centre. A haɗa ta da talabijin, a sabunta manhajarta da intanet ɗin can mai ƙarfi, a sa faifai a gani, a bar ta ta yi awa biyu tana aiki, sannan a mayar da ita kwali.

Idan gida za ta zo

Ka san irin wadda kake saya. A jikin kwalin PS5 akwai lamba mai farawa da CFI. Wadda ta ƙare da A mai faifai ce, mai B ba ta da shi. A ƙasar da data ke da tsada kuma wasa ɗaya yana iya haura gigabait 100, mai faifai ita ce ta talaka, domin za ka iya aro, ka yi musaya, ka sayi na hannu. PS5 Pro da ta fito a Nuwamban 2024 a kan dala 699.99 ba ta zuwa da wurin faifai, daban ake sayensa, kuma ranar farko da za a haɗa su sai da intanet. A wajen Switch 2 akwai tarko biyu. Wasu katunan wasanta mabuɗi ne kawai, wasan kansa sai an sauke. Sannan a Japan akwai mai araha wadda Japananci kaɗai take ji kuma da asusun Japan kaɗai take aiki; lokacin fitowarta a 2025 yen 49,980 ce, mai harsuna da yawa kuma yen 69,980. Idan ka ga wani yana tallan sabuwar Switch 2 da arahar da ta wuce hankali, fara tambayarsa wannan.

Faifan wasan PS5 na kowace ƙasa yana aiki a kowace na'ura, amma ƙarin abubuwan da ake saya a cikin wasa sai ƙasar asusunka ta dace da ta faifan. Katin kuɗin PlayStation ma haka, na Amurka ba ya shiga asusun Ingila. Kuma ba a canja ƙasar asusu bayan an buɗe. Ka zaɓi ƙasa ɗaya wadda katinta ke da sauƙin samu a wurinka, ka tsaya a kanta.

Ta fannin wuta, PS5 da Xbox Series X suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka ta Amurka ba ta buƙatar abin rage wuta, kan fulogi kawai za a canja. Ta Ingila mai baki uku daidai take da soket ɗin Najeriya, ta Faransa mai baki biyu zagayayye ta fi dacewa da Nijar. Abin tsoro shi ne hawa da saukar wutar NEPA da lokacin juyawa zuwa janareta. Kuɗin sitabilaiza mai kyau, ko ƙaramin UPS, ka sa shi cikin kuɗin na'urar tun farko.

Sai lissafi na ƙarshe, wanda shi zai gaya maka ko wahalar ta cancanta. Haɗa farashin kanti, da haraji, da kuɗin rajista in ka biya, da kuɗin kago wanda da kilo ake yi (PS5 ta farko mai faifai kilo 4.5 ce ba kwali, siririyar da ta biyo baya a 2023 kilo 3.2), da abin da kwastam za su karɓa, da canjin dala na ranar. Sannan ka kira dillali a Computer Village ta Ikeja ko a Kano ka ji nasa farashin. A watannin farko na fitowa tazarar takan yi yawa, aike ya fi. Bayan kaya sun wadata, masu saro su da yawa ta Dubai sukan sayar a kan kuɗin da bai fi naka lissafin da wani abin kirki ba, ga shi za ka gwada a gabansu kafin ka biya.

Wani abu ya canja da ya kamata mai niyyar jira ya sani. A da, na'ura tana yin shekara biyu ko uku sai kuɗinta ya sauka. Wannan zubin ya saɓa: Sony ya ƙara kuɗin PS5 a Turai da Japan da wasu ƙasashe a Agustan 2022, inda a Ingila ta tashi daga fam 449.99 zuwa 479.99, sannan a Agustan 2025 ya ƙara dala 50 a Amurka, ta koma 549.99. Microsoft ma ya ƙara kuɗin Xbox a 2025. Babban rangwamen da ya rage shi ne na ƙarshen Nuwamba zuwa Kirsimeti, lokacin da kamfanin da kansa ke sauke farashi na 'yan makonni ko ya haɗa na'urar da wasa kyauta. Idan ɗan'uwanka zai zo gida hutun Disamba, a saya a makon Black Friday, a gwada ta can tun wa'adin mayarwa bai ƙare ba, ya cire ta daga babban kwalin ya naɗe ta da tufafi a jakar hannu, rasit kuma yana aljihunsa saboda masu duba kaya a filin jirgi.